Dogon hutun farko a Amurka: aikin kula da yara da zancen abin da za ka karanta

Ɗalibin da ya sauka Amurka a watan Agusta da bizar karatu ta F-1, tunaninsa bai wuce sanyi da abinci da yadda zai riƙa gane Turancin malamai ba. Duk waɗannan da sannu ake sabawa. Abin da ke yi wa sabon zuwa ba-zata shi ne watan Mayu. Ana gama jarrabawa sai a ce kowa ya kwashe komatsansa daga ɗakin kwana, 'yan ƙasa su kama hanyar gidajen iyayensu, kai kuma kuɗin jirgi zuwa Kano ko Yamai ya fi ƙarfin aljihunka. Wata uku cur ne a gabanka, ga haya, ga cefane. Shi ya sa nake gaya wa ƙannena su fara neman aikin hutu tun Fabrairu, lokacin da ƙanƙara ba ta ko narke ba.

Kafin maganar aiki, sai maganar takarda, don a nan ake yin asarar da ba ta gyaruwa. Mai F-1 yana da izinin aiki a cikin makarantarsa har awa 20 a mako idan ana karatu, cikakken lokaci kuma idan ana hutu. Aiki a wajen makaranta kuwa sai da izini na musamman, kamar wanda ake kira CPT, wanda galibi ba a bayarwa sai ka cika shekarar karatu guda, kuma dole aikin ya dangance abin da kake karanta. Jami'in ofishin ɗaliban ƙasashen waje ne zai rubuta izinin a takardarka ta I-20, wato takardar shaidar ɗalibta da makaranta ta ba ka don neman biza, kuma sai ya rubuta za ka fara, ko da yini ɗaya ne. Wata baiwar Allah a masallaci za ta iya ce maka, “Ɗan nan, zo ka riƙa zama da yarana, in ba ka na kashewa.” Da zuciya ɗaya ta faɗa, amma a idon hukuma aiki ne ba da izini ba, kuma zai iya cinye maka biza. Ka ba ta haƙuri cikin ladabi.

Hanya mafi sauƙi ga ɗan shekarar farko ita ce sansanonin yara da jami'o'i da yawa ke shiryawa a harabarsu lokacin hutu: na ƙwallo, na iyo, na kimiyya, na koyon kwamfuta. Suna buƙatar ɗalibai masu kula da yaran, wasu ma har ɗaki da abinci suke bayarwa. Sai dai ka tambaya wa zai biya ka. Idan jami'ar ce, shi ke nan. Idan wani kamfani ne ya yi hayar filinta, to ka koma ofishin ɗaliban ƙasashen waje ka ji ta bakinsu tukuna. Da takardar ɗaukar aikin ne kuma za ka nemi lambar Social Security, wato lambar shaida da gwamnati ke ba mai aiki don harkar albashi da haraji, wadda za ta yi maka amfani har ƙarshen zamanka. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa tun 2009, amma jihohi da dama sun ɗara haka.

Yanzu ga yaran. Duk wanda ya tashi a gidan yawa yana ganin ya san reno, ai tun yana ɗan shekara takwas ake ba shi goyon ƙani. Wannan ilmin zai taimaka maka wajen haƙuri, amma hannunka ka ɗaure shi. Ba ranƙwashi, ba jan kunne, ba tsawar da za ta sa yaro firgita. Yaro ɗan shekara bakwai zai kira ka da sunanka gatsal, ya zuba maka ido, ya ce “don me?” a kan kowane umarni. Ba raini ba ne, haka aka tarbiyyantar da shi. In ya ƙi jin magana, durƙusawa za ka yi daidai tsayinsa, ka faɗa masa abin da zai biyo baya, in ya ci gaba ka kai wa shugaban sansani.

Kafin ka fara za a binciki tarihinka, wani wurin har da hoton yatsu, a koya maka taimakon gaggawa. Za a ce kada ka taɓa keɓewa da yaro kai kaɗai, ko bayan gida za ka raka shi sai da wani babba ko wasu yaran. Ka riƙe wannan da hannu biyu, kariya ce gare ka. Kada ka ɗauki hotonsu ka sa a WhatsApp don 'yan gida su gani. Idan ka ga tabon duka a jikin yaro, ko ya faɗa maka wani abu mai tayar da hankali, ba a cewa maganar cikin gida ce. A jihohi da yawa doka ta wajabta maka kai rahoto.

Sai gyaɗa. Ƙuli-ƙulin da aka aiko maka daga gida ya tsaya a ɗakinka. Akwai yaran da ɗan ɓarɓashinta ya isa ya toshe musu numfashi, kuma za ka ga kowannensu da allurarsa ta gaggawa mai suna EpiPen a jaka, da sunansa a takardar da za a ba ka ranar farko. Ka haddace sunayen. Zancen Juma'a kuma ka yi shi tun ranar ganawar ɗaukar aiki, kada ka bari sai an fitar da jadawali.

Me ya haɗa wannan da sana'ar gaba? Da yawanmu da umarni muka baro gida: likita, injiniya, ko lauya. Sai ka zo ka tarar a nan likitanci da lauya ba a fara su sai bayan digirin farko na shekara huɗu, kuma makarantun likitanci kaɗan ne ke ɗaukar ɗan ƙasar waje. A jami'o'i da yawa kana da dama har ƙarshen shekara ta biyu kafin ka tsayar da fanni. Makonnin da za ka yi da yara goma sha biyu a hannunka za su nuna maka abin da aji ba ya nunawa. Wani zai gane koyarwa na faranta masa rai. Wata za ta ga ita ce kullum ke rugawa in yaro ya faɗi, ta fara tunanin aikin jinya. Wani kuma zai rantse shi da hayaniya har abada, ya koma wa lissafinsa da natsuwa, shi ma ya ƙaru.

In ka yanke shawarar sauya fanni, kada ka yi shi a ɓoye. Wanda gwamnatin jiharsu ko PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur na Najeriya, ke ɗaukar nauyinsa ya duba yarjejeniyarsa, don kuɗin na iya zama a ɗaure da fannin da aka tura shi. Baba kuma a kira shi a yi masa bayani da hujja, har da irin aikin da ake samu da fannin, kada ya tsinci labarin a bakin wani. Sannan a sabunta I-20. Ka kuma san cewa izinin aiki na bayan kammalawa, wato OPT, wata 12 ne, masu fannonin kimiyya da fasaha da injiniyanci da lissafi na iya ƙarin wata 24. Wanda ya yi wata 12 yana CPT na cikakken lokaci ya rasa OPT gaba ɗaya, don haka ka riƙa ƙirga watanninka.

Kafin ranar rufe sansani, ka roƙi shugabarku ko shugabanku izinin sa sunansa cikin masu ba da shaida a kanka, ka karɓi imel ɗinsa. Da an koma karatu ka je ofishin ba da shawara kan sana'a, kyauta ne, su taya ka rubuta aikin a takardar neman aiki: yara nawa ka kula da su, me ka koya musu, wane horo ka samu. Manyan kamfanoni kan fara karɓar takardun masu neman horon hutu mai zuwa tun Satumba da Oktoba.