Yadda Ake Koyon Wasan Karta na Texas Hold'em Daga Tushe

A cikin nau'o'in wasan foka, babu wanda ya kai Texas Hold'em yaɗuwa a yau, kuma abin da ya keɓance shi shi ne katuna biyar da ake buɗewa a tsakiyar tebur, waɗanda kowane ɗan wasa ke da damar haɗawa da katuna biyu na hannunsa. Majalisar dokokin jihar Teksas ta Amurka ta amince cewa a garin Robstown wasan ya samo asali a farkon shekarun 1900. Wasu 'yan wasa daga Teksas suka kai shi Las Vegas a 1967, sannan Benny Binion ya kafa gasar duniya ta World Series of Poker a 1970. Farin jininsa ya ƙaru ƙwarai bayan 2003, shekarar da wani akanta mai suna Chris Moneymaker, wanda ya samu gurbin shiga gasar ta hanyar wasa a intanet, ya doke sauran 'yan takara ya tafi da dala miliyan 2.5.

Ya kamata a faɗi abu ɗaya tun da farko: a gidajen wasa da kuɗi ake buga shi, wannan kuwa caca ce, kuma Musulmi ya san hukuncinta a aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida. Amma dokokin wasan da lissafinsa ba sa buƙatar ko sisi. Ƙwayoyin roba ko murafun kwalba da aka raba wa kowa daidai sun isa, kuma da su za a yi bayani a nan.

Ana amfani da karta mai kati 52, alamomi huɗu, kowace alama da kati 13, daga 2 zuwa 10, sai J, Q, K da A, wanda shi ne babba. Mutum biyu zuwa goma za su iya zama a tebur ɗaya. Ana ajiye wata 'yar alama a gaban wanda yake matsayin mai rabo, kuma bayan kowane zagaye tana matsawa zuwa na hagunsa. Kafin a raba kati, mutum biyu da ke hagun mai rabo suna yin zubin dole: na farko ya zuba ƙarami, na biyu ya zuba babba, wanda yawanci ninkin ƙaramin ne. Hikimar wannan ita ce a samu abin da za a yi takara a kansa, domin in babu shi kowa zai zauna yana jiran kati mai kyau har gari ya waye.

Daga nan sai a ba kowa kati biyu a kife, a fara zagayen zubi na farko daga wanda ke hagun mai babban zubi. Idan layi ya zo kan mutum, yana iya ajiye katinsa ya fita daga zagayen, ko ya biya daidai da abin da aka zuba, ko ya ƙara a kai. Idan babu wanda ya zuba komai a gabansa, yana iya wucewa ba tare da ya biya ba kuma yana nan cikin wasa. Bayan an daidaita, mai rabo zai jefar da kati ɗaya daga sama a kife, ya buɗe uku a tsakiya, a sake zubi. Haka zai sake yi ya buɗe na huɗu, a yi zubi, sannan na biyar, a yi zubin ƙarshe. A waɗannan zagaye uku na baya, wanda ke hagun mai rabo cikin waɗanda suka rage shi ke fara magana. Idan kowa ya ajiye aka bar mutum ɗaya, shi ke kwashe tulin ƙwayoyin da aka zuba ba tare da ya nuna katinsa ba. Idan kuwa biyu ko fiye suka kai ƙarshe, sai a baje katuna, kowa ya zaɓi biyar mafi ƙarfi daga cikin bakwai, wato biyun hannunsa da biyar na tsakiya.

Dole ne mai koyo ya haddace martabar haɗe-haɗen kafin ya zauna. Mafi rauni shi ne wanda bai haɗa komai ba, sai a duba katinsa mafi girma. Sama da shi akwai tagwaye, wato kati biyu masu lamba ɗaya, sai tagwaye biyu, sai uku masu lamba ɗaya. Daga nan sai jeri, wato kati biyar masu bin juna kamar 5, 6, 7, 8, 9, kuma A na iya zama a sama bayan K ko a ƙasa kafin 2. Biyar masu alama ɗaya sun fi jeri, uku masu lamba ɗaya haɗe da tagwaye sun fi masu alama ɗaya, huɗu masu lamba ɗaya sun fi su duka, sai kuma jeri mai alama ɗaya wanda babu abin da ya fi shi, musamman idan ya tashi daga 10 zuwa A. Inda sababbi suka fi ruɗewa shi ne katin rakiya: idan mutum biyu duk suna da tagwayen A, wanda ke riƙe da K a gefe ya doke mai riƙe da 7, muddin katin nasa ya shiga cikin biyar ɗin da ake ƙirgawa.

Duk wannan ana iya koyonsa a zama ɗaya. Abin da ke ɗaukar lokaci shi ne sanin cewa yawancin katunan da za a ba ka na ajiyewa ne. Akwai hanyoyi 1,326 da kati biyu za su iya zuwa hannun mutum, waɗanda suke komawa iri 169 idan lambobinsu kawai aka duba da kuma ko alamarsu ɗaya ce ko daban, kuma tagwayen A sau ɗaya suke zuwa cikin rabo 221 a matsakaici. Sabon ɗan wasa ba ya son zama yana kallo, saboda haka yakan biya ya ga katunan tsakiya da kusan duk abin da aka ba shi, ƙwayoyinsa su riƙa zurarewa kaɗan-kaɗan bai ankara ba. A teburin mutum tara, ya fi kyau ya taƙaita kan manyan tagwaye da manyan katuna irin A da K ko A da Q, kuma idan zai shiga ya shiga da ƙari, kada ya tsaya ga biyan abin da ya tarar kawai.

Wurin zama ma yana da nauyi kusan kamar katin kansa. Wanda ke matsayin mai rabo shi ke magana a ƙarshe bayan an buɗe katunan tsakiya, ya riga ya ga wanda ya zuba da wanda ya wuce, don haka yana iya shiga da kati matsakaici kamar 9 da 8 masu alama ɗaya. Wannan katin dai, a hannun wanda zai fara magana alhali mutum takwas na bayansa, na ajiyewa ne.

Sai lissafi, wanda a ganina nan ne daɗin wasan yake. A ɗauka kana riƙe da K da 9 masu alamar zuciya, aka buɗe uku a tsakiya, biyu daga ciki masu zuciya ne. Kana da huɗu, saura ɗaya ka cika biyar. Tun da masu zuciya 13 ne, saura 9 a cikin katuna 47 da ba ka gani ba. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce ka ninka wannan adadi sau huɗu idan saura kati biyu a buɗe, ko sau biyu idan saura ɗaya. Hakan zai ba ka kusan kashi 36 cikin 100 a karo na farko, da kusan kashi 18 a na biyu. Ainihin lissafin kashi 35 ne da kashi 19.6, tazarar ba ta da yawa. Yanzu a ce an buɗe kati na huɗu bai taimake ka ba, tulin yana da ƙwaya 100, abokin karawarka ya zuba 50. Za ka biya 50 a tulin da zai zama 200, wato kana buƙatar yin nasara sau ɗaya cikin huɗu kafin biyan ya zama daidai, alhali damarka ba ta kai ɗaya cikin biyar ba, saboda haka ajiyewa ta fi. Da 20 ya zuba, za ka biya 20 a tulin 140, kusan kashi 14 ke nan, sai ka biya hankali kwance ko da a wannan karon katin bai zo ba.

Burga, wato zuba ƙwayoyi da kati mara ƙarfi don a tsorata abokin karawa ya ajiye, ita ce ta fi ɗaukar hankalin masu kallo, amma ba da ita ake fara koyo ba. Tana aiki ne a kan mutum ɗaya ko biyu da suka san ajiyewa, kuma idan zubin da ka yi tun farko ya yi kama da na mai kati mai ƙarfi. A teburin sababbi, inda kowa ke biya don ya ga ƙarshe, burga asara ce kawai. Can abin yi shi ne ka jira kati mai kyau ka zuba sosai.

Don gwaji, a samu mutum huɗu zuwa shida, a ba kowa ƙwaya 100, ƙaramin zubi ya zama 1, babba 2. A zagaye goma na farko kowa ya baje katinsa a fili, a tattauna dalilin kowane mataki, wa ya kamata ya ajiye, wa ya kamata ya ƙara, da katuna nawa ne za su ceci wane. Bayan an fara kife katuna, a ci gaba da tsayawa kan duk zagayen da tulinsa ya yi girma, a sake ƙirga katunan da suka rage da abin da aka biya, a ga ko matakin da aka ɗauka ya dace da lissafin da ke gaban mutum a lokacin da ya ɗauke shi.