Yadda ake haɗa majigi, talabijin da lasifika da na'urar suwica a ɗakin taro

A ɗakunan lacca na Samaru da Kongo, da wuraren tafsirin azumi a cikin birnin Zariya, allo ɗaya ya daina isa. Ana son majigi a gaba, talabijin a baya, wata kuma a ɓangaren mata. Suwica ita ce akwatin da ke tsakiya. Laftof da kyamara su shiga ta cikinta, allunan su karɓa, kai kuma ka zaɓi abin da zai fito da danna maɓalli.

Fara da kashe komai. Juya bayan suwicar ka duba: ramukan da aka rubuta IN na kayan da ke bayar da hoto ne, na OUT kuma na alluna. Kafin ka soka kowace waya, naɗa farin salatif a bakinta biyu ka rubuta "majigi" ko "kyamara 1". Ranar da hoto ya ɗauke ana tsakiyar taro, wannan rubutun ne zai cece ka.

Sai tsawon waya, inda aka fi yin asara. Wayar HDMI ta gama-gari, wadda ke ɗaukar hoto da sauti, ba a cika dogara da ita ba in ta wuce mita 10 zuwa 15, hoto sai ya riƙa ƙiftawa. Idan allon yana da nisa, nemi na'urar HDBaseT, wadda ke kai hoto ta wayar Cat6, irin wadda ake jona kwamfuta da intanet, har mita 70 ko 100, gwargwadon irinta. In kuma ka sayi HDMI mai zaren gilashi, lura: hanya ɗaya take bi. Bakin da aka rubuta Source shi ke shiga suwica, na Display ya tafi allo. Ka juya ta, ba abin da zai fito.

Saita laftof da suwicar a ma'aunin hoto na 1080p, domin yawancin alluna suna karɓarsa. Idan allo ɗaya ya ƙi, duba saitin EDID, wato bayanin da allo ke ba na'ura game da irin hoton da yake iya ɗauka.

Sauti kuwa, a ganina, ya fi hoto muhimmanci. Jama'a za su haƙura da hoto mai dishi-dishi, amma ba za su zauna ba in ba sa jin malam. Ɗauki sauti daga ramin fitar sauti na suwicar ka kai shi miksa, wato na'urar da ke haɗa sautuka tana daidaita su, ta ramin da aka rubuta LINE, ba na makirufo ba, don na makirufo zai sa muryar ta farfashe. In tazarar da yawa, yi amfani da wayar XLR mai ƙafa uku. Rage muryar talabijin ɗin gaba ɗaya, kada ta yi karo da lasifika.

In ka ji lasifika na gurnani ba tsayawa, galibi daga wuta ne. Jona suwica da miksa a layin wuta ɗaya, kada ɗaya tana janareto ɗaya tana wutar NEPA, kuma ka sa musu sitabilaiza ko UPS.

Wajen kunnawa: alluna, suwica, laftof da kyamara, miksa, sannan amfilifaya, mai ƙara wa sautin miksa ƙarfi zuwa lasifika, a ƙarshe da muryarta a ƙasa. Gwada kowace mashiga a kan kowane allo tun jama'a ba su iso ba. In an tashi taro, amfilifaya ce farkon kashewa.