Yadda za ka shirya wa zama a Tromso, garin da rana ke ɓuya wata biyu

Tromso gari ne a kan tsibiri a arewacin ƙasar Norwe, kimanin kilomita 350 arewa da da'irar Aktik, layin da ke zagaye can arewacin duniya a taswira. Akwai jami'a da aka kafa a 1968, akwai babban asibiti da tashar jiragen kamun kifi, shi ya sa ɗalibai da ma'aikata daga ƙasashe masu zafi ba sa yankewa a garin. Galibin masu zuwa sanyi suke tsoro, sai su zuba kuɗinsu a kan ƙatuwar riga guda ɗaya, su ɗauka an gama shiri. Alhali sanyin Tromso bai kai yadda ake zato ba. Ruwan teku mai ɗumi da ke haurowa daga Atlantika yana sassauta shi, matsakaicin watan Janairu wajen digiri 4 ne ƙasa da sifili, kuma da wuya ya wuce 15 ƙasa da sifili. Sanyi mai kisa yana can ciki nesa da teku, irin garin Karasjok, inda aka auna digiri 51.4 ƙasa da sifili a 1886. Abin da ke wahalar da baƙo a Tromso shi ne jiƙa, da santsi, da duhu.

Ka fara da sanin tafiyar rana. Daga wajen 27 ga Nuwamba zuwa 15 ga Janairu ba ta leƙowa ko kaɗan, kuma tsaunukan da ke kudu suna ƙara tare ta har 21 ga Janairu, ranar da mutanen gari ke murnar dawowarta da wani burodi mai zaƙi. Wannan lokaci suke kira mørketid. Ba baƙin dare ba ne wuni guda: daga wajen ƙarfe 10 na safe zuwa 2 na rana akwai haske shuɗi-shuɗi, irin na bayan asuba kafin gari ya gama wayewa. Daga wajen 20 ga Mayu zuwa 22 ga Yuli kuwa ba ta faɗuwa. Dusar ƙanƙara kan kwanta daga ƙarshen Oktoba har cikin Mayu, kuma ba 'yar kaɗan ba ce. Ranar 29 ga Afrilu 1997 zurfinta ya kai santimita 240.

Sutura hawa uku

Wadda ke taɓa fata ita ce mafi muhimmanci, kuma dole ta zama ulu: riga mai dogon hannu da dogon wando masu kama jiki. Ka tanadi kashi biyu. Kada ka sa auduga a ƙasa. Auduga tana shan gumi ta riƙe, to da zarar ka tsaya jiran bas, rigar da ta jiƙe sai ta shiga zuƙe ɗumin jikinka. Ulu kuwa ko ya ɗan jiƙe yana riƙe ɗumi. Hawa na biyu suwaita ce mai kauri, aikinta tare iska mai ɗumi kusa da jiki. Na uku jaket da wando waɗanda iska da ruwa ba sa ratsawa, jaket ɗin kuma ya zama mai hula. Amfanin rabawa uku shi ne ka iya ragewa. Garin hawa da gangara ne, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya tsuke kansa ya hau tudu har ya yi sharkaf da gumi. Ka zuge zif tun kafin gumin ya karyo, ka mayar idan ka tsaya.

Takalmi ya ɗara ƙafarka da lamba ɗaya, mai kaurin ƙasa, wanda ruwa ba ya shiga. Safar ulu ɗaya mai kauri ta isa, ko ka haɗa da siririya a ciki. Cusa safa uku a matsattsen takalmi yana matse jijiyoyin jini, ƙafa ta fi yin sanyi. Da dare ka zare shimfiɗar cikin takalmin ta bushe daban. A hannu, safar da ke haɗe yatsu huɗu wuri guda ta fi mai rarraba su ɗumi, don yatsun na ɗumama juna.

Ga mata, abaya ko doguwar riga mai jan ƙasa tana kwasar dusa, gefenta ya jiƙe ya daskare ya riƙa bugun ƙwauri. A sa ulu da wandon ruwa a ciki, rigar waje kuma ta tsaya sama da idon sawu. Siririn hijabi ba ya tare iska, sai an sa hular ulu a ƙarƙashi ta rufe kunnuwa.

Ulu ba ya son yawan wanki. Ka shanya shi ya sha iska, idan kuma wankin ya kama, ruwa kada ya wuce digiri 30, da sabulun ulu, ba murɗawa, ba na'urar busarwa, in ba haka ba rigar babba ta koma ta yaro. Kayan suna da tsada sababbi, amma ana samun masu kyau a shagunan gwanjo da shafin saye da sayarwa na intanet mai suna Finn. Jaket da takalmi gara ka saya a can, domin abin da ake sayarwa da sunan rigar sanyi a ƙasashe masu zafi ba a yi shi don wannan yanayi ba.

Santsi da mota a cikin duhu

Saboda teku, yanayi kan juya cikin kwana ɗaya: a yi dusa, gari ya ɗan yi ɗumi a yi ruwan sama a kanta, da dare ya daskare. Sai ka wayi gari hanya kamar gilashi. Maganinsa brodder, wata roba mai ƙananan ƙusoshi da ake ɗaurawa a ƙasan takalmi, ana samunta a kantin magani da shagon kayan wasanni. Ka cire ta a bakin ƙofa, tana ɓata daɓe, kuma a kan tayil ita kanta santsi take yi. Ka riƙa gajeren taku, hannuwa a waje da aljihu, kaya a jakar goyo. Karayar wuyan hannu da ta ƙugu su ne rabon mai gaggawa.

Sai refleks, ɗan abin da ke mayar da hasken fitilar mota. Direban da ke tafe da ƙaramar fitila ba ya hango mai tafiya cikin baƙaƙen kaya sai ya rage mita 25 zuwa 30 tsakaninsu, tazarar da ba ta isa a tsayar da mota a kan ƙanƙara ba. Da refleks zai hango shi tun daga wajen mita 140. Ka rataya ɗaya a kowane gefe, daidai gwiwa ko a hannu, inda zai riƙa motsi. Idan ya kankare ko ya yi datti ƙarfinsa na raguwa, sai a canza.

Duhu da jiki

Jikin da ya saba rana ta tashe shi yakan rikice: barci ya ƙi zuwa da dare, da safe a kasa tashi, ga kasala da kwaɗayin zaƙi. Agogo za ka mayar ranarka. Ka tsayar da lokacin tashi guda, har Asabar da Lahadi. Ka fita waje da tsakar rana na minti 20 zuwa 30 a cikin wannan shuɗin haske. Akwai kuma fitila ta musamman mai ƙarfin luks 10,000 (luks ma'aunin haske ne), a zauna gabanta minti 20 zuwa 30 da safe, ido a buɗe amma ba a ƙura mata ba. Wanda ya kunna ta da yamma ya kori barcinsa da hannunsa. Idan ƙunci da rashin sha'awar komai suka wuce mako biyu, a ga likita. Wannan ba raunin zuciya ba ne, kuma likitocin can sun san shi sarai.

Bitamin D kada a yi masa sakaci. Fata na haɗa shi ne da hasken rana, kuma a wannan yanki watanni da dama a shekara rana ba ta da ƙarfin yin hakan. Baƙar fata tana buƙatar rana fiye da fara kafin ta samar da daidai gwargwado, mai rufe jiki kuma buƙatarsa ta ƙaru. Abin da hukumomin lafiya na yankin ke shawarta wa babba shi ne maikurogiram 10 a rana, wanda cokali ɗaya mai mililita 5 na man hantar kifi, wato tran, ke bayarwa. Idan ƙwaya ka fi so, ka duba abin da aka yi kwansonta da shi, akwai na kifi akwai na alade. Kada ka ƙara yawa da kanka, yana taruwa a jiki ya yi illa. Idan kana jin ciwon ƙashi da gajiya, ka nemi gwajin jini.

A watannin da rana ba ta faɗuwa, labule baƙi mai kauri wanda ya rufe taga har gefe shi ne magani. Ka ja shi sa'a ɗaya ko biyu kafin kwanciya.

Salla da azumi

Inda ba fitowa ba faɗuwa, malamai sun ce a ƙaddara lokutan, ko dai a bi na Makka, ko na gari mafi kusa da dare da rana ke rarrabuwa. Masallacin Alnor da ke garin yana fitar da jadawali, kuma bin jadawalin jama'a ya fi kowa ya ƙirƙiro nasa. Kada ka dogara da manhajar waya ba tare da ka gwada ta da jadawalin ba, domin lissafinta kan ruɗe a wannan yanki, ta haɗa isha da asuba ko ta bar gurbi fanko. Azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara: a 2015 ya faɗo lokacin da rana ba ta faɗuwa, a 2030 kuma zai faɗo cikin duhun. Bayan alwala ka tsane fuska da hannuwa da gemu sosai kafin ka fita.

Cikin gida

Yawancin gidaje da lantarki ake ɗumama su, don haka kafin ka karɓi haya ka tambaya ko kuɗin wuta na ciki. Falo digiri 20 zuwa 22 ya isa, ɗakin kwana 17 ko 18. Idan za ka yi tafiya kada ka kashe hita gaba ɗaya don tsimi. Ɗakin da bututun ruwa ya ratsa ya tsaya a kan digiri 10 ko sama. Ruwa idan ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, ya fasa bututu, ɓarnar kuma ba ta bayyana sai ya narke. Ka san inda makunnin ruwan gidan yake tun ranar farko.

Kada ka toshe ƙofofin iska da tsumma. Tururin girki da na wanka da shanya yana kwanciya a bango mai sanyi ya zama baƙin fumfuna. Ka kunna na'urar zuƙe tururi duk lokacin da tukunya ke kan wuta, ka buɗe taga wangame na minti 5 sau biyu a rana. Wannan ya fi barin ta a ɗan buɗe wuni guda, wanda ke sanyaya bango ya cinye wuta.

Gawayi ba ya shiga ɗaki, ko don jin ɗumi ko don gashi. Gidajen a toshe suke ruf, iskar da gawayi ke fitarwa kuma ba ta da wari, tana kisa cikin barci. Kaskon turaren wuta ma yana tayar da ƙararrawar hayaƙi, wadda a wasu gidajen ɗalibai take haɗe da 'yan kwana-kwana, su zo a caje ka kuɗin fitowar. Kada kuma a shanya tufafi a kan hita, hanyar gobara ce.

Iskar ɗakin da ake ɗumamawa bushewarta irin ta hunturun Kano ce, da kaushi da fashewar leɓe da haɓo. Man kaɗanya da basilin suna aiki a nan kamar yadda suke yi a gida.

Idan sanyi ya kama yatsa

Littattafan can suna cewa wurin da sanyi ya kama zai yi fari, amma a baƙar fata ya fi nuna launin toka, ko ma kada ya nuna. Alamar da za ka dogara da ita ita ce mutuwar ji: yatsa ko kunne ko kan hanci ya daina zafi, ya yi tauri. Ka shiga ciki, ka sa yatsun a hammata, ko cikin ruwa mai digiri 37 zuwa 39. Kada ka murza, kada ka goga dusa, kada ka kara a hita, domin wurin ba ya jin ƙuna. Idan akwai yiwuwar ya sake daskarewa kafin a kai ga mafaka, kada a narkar da shi tukuna. Idan ƙuraje masu ruwa suka fito ko jin bai dawo ba, ka kira likitan gaggawa a 116 117. Wanda kuma maganarsa ta fara sarƙewa, yana tangaɗi, ko rawar sanyinsa ta tsaya alhali yana cikin sanyin, a kira 113 nan take, a cire masa jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi. Lambar gobara 110, ta 'yan sanda 112.

Mai mota ya sa tayoyin hunturu masu zurfin zane aƙalla milimita 3. Masu ƙusa an yarda da su a arewacin ƙasar daga 16 ga Oktoba zuwa 30 ga Afrilu. Ya zuba ruwan wanke gilashi wanda ba ya daskarewa, ya ajiye shebur da bargo da abinci, domin hanyoyin kan tsauni ana rufe su, ko a jera motoci bayan motar share dusa. Kowace safiya a duba shafin intanet na Yr don yanayi, da na Varsom don hatsarin zubowar dusa daga tsauni, wanda ake aunawa daga mataki 1 zuwa 5.

Daga Maris zuwa Mayu rana na haskawa a kan farar dusa har ta ƙona ido, sai da baƙin tabarau. A lokacin ne kuma curin dusa da ƙanƙara ke suɓutowa daga rufin gidaje, don haka ka nisanci gindin bango. Kayan ulu kada ka kai su ƙasan akwati don Yuni ya kama: matsakaicin watan Yuli wajen digiri 12 ne, kuma iskar arewa na iya saukar da shi ƙasa da 10 a rana tsaka.