Tsohuwar mussa ta yi tsiro a baki: abin da za ka duba kafin ka yarda a yi mata aiki

Mussar da nake magana a kanta ta Innarmu ce. Da Allah ya yi wa Inna rasuwa a Tawa aka raba kayan ɗaki, ba wanda ya ce yana son mussa, sai na saka ta a kwali na hau mota da ita zuwa Yamai. Yanzu shekararta 14, wato in a mutum ne ta haura 70. Muna kiranta Ƴar Tawa. Ni tela ce a unguwar Bukoki, ban karanta likitanci ba, abin da zan faɗa a nan wahala ce ta koya mini, da kuma yawan tambayar da na dami likitan dabbobi da ita har ya soma yi mini dariya.

Warin baki ne ya fara tona asirin. Tana kwanciya ƙarƙashin keken ɗinki, in ta yi hamma sai in ji kamar an buɗe buhun kifin da ya kwana a rana. Daga baya na lura tana karkata kai tana tauna da gefe ɗaya, abinci na zubowa. Ta bar lasar jikinta, gashin ya cukurkuɗe. Wata safiya na ga ɗigon jini a bakin kwanon ruwanta. Mussa tana da zurfin ciki, ba ta kuka don haƙori na ciwo. Za ta zo wurin kwano da yunwa, ta shinshina, ta ja da baya. In ka ga haka a tsohuwar mussa, kada ka ce tsufa ne ko iyayi, ka duba bakin.

Kafin ka kai hannu sai ka tsaya. Dabbar da ke dalalar da miyau a ƙasarmu, dole a tuna da ciwon haukan kare, don mussa ma tana ɗaukarsa. In mussar mai yawo ce, ba a taɓa yi mata rigakafi ba, kuma halinta ya canza cikin ƴan kwanaki, tana cizo ko tana tangaɗi, kada ka sa yatsa a bakinta, kada yara su matso, ka kira likitan dabbobi. Mussata ko ƙofar gida ma ba ta wucewa, kuma abin nata a hankali ya zo cikin makonni, shi ya sa na yi ƙarfin hali.

Na naɗe ta da zane har wuya, ƙafafu duka a ciki, ɗiyata ta rungume ta, ni kuma na kunna fitilar salula. Ba sai ka wangale bakin ba tun farko. Ɗaga leɓen sama da babban yatsa, gefe ɗaya sannan ɗayan, ya isa ka ga dasashi da fiƙa da turame. Babbar mussa haƙoranta 30 ne, amma tsohuwa da wuya ka same su cif. Ka lura ko abin gefe ɗaya yake ko duka biyu, ko ja ne ko fari-fari, ko yana da gyambo a kai. Ka shafa muƙamuƙi ta waje ka ji ko wani gefe ya fi kauri, ka taɓa ƙarƙashin haɓa ko akwai kaluluwa. Sannan ka ɗauki hoto, ka sake ɗauka bayan kwana 5 ko 7. Wannan hoton ya yi mini amfani ƙwarai, don ido yana mantuwa, kuma tambayar farko da likita ya yi mini ita ce ko abin yana girma. A bakin Ƴar Tawa na ga wani jan nama kamar ƙwayar wake a dasashin ƙasa na hagu, ya hau kan haƙori ya rufe rabinsa.

Wani lokaci ma ba tsiro ba ne. Mu da muke ba su kan kifi da ƙayarsa, ƙaya na iya maƙalewa a ganɗa ko tsakanin haƙora, wurin ya kumbura ya yi mugunya. Gidan tela kuma akwai zare. Zare yakan naɗe gindin harshe, sauran ya bi cikin hanji. In ka gan shi kada ka ja, aikin likita ne.

Ga wani gargaɗi da ba zan gaji da maimaitawa ba: kada ka ba mussa parasitamol. Ko rabin ƙwaya, ko ruwan na jarirai. Hantarta ba ta iya sarrafa shi kamar tamu, yana lalata mata jini, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Ibuprofen da diclofenac kuma ƙoda suke ci. Maƙwabciyata da zuciya ɗaya ta kawo mini rabin ƙwaya a takarda ta ce, "Maman yara, niƙa ki sa mata a madara." Allah ya taimake ni na kira likita tukuna. Haka kanwa, gishiri, toka da man goge baki na mutane, duk a bar su.

Samun likitan ma sai ka yi tambaya. Yawancin aikin likitocin dabbobi a nan na shanu ne da tumaki da kaji, don haka kafin ka ɗauki taksi ka tambaya a waya ko yana yi wa mussa aikin baki. Ka tafi da sassafe, musamman a watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura 40, a kwando mai murfi ko kwali mai huji. Kada ka riƙe ta a hannu, ƙarar babur ɗaya ta isa ta kuɓuce.

Da likita ya duba, sai ya zaunar da ni ya ce tsiron baki iri-iri ne, kuma da ido kaɗai ba a rantsuwa. Akwai wanda ruɓaɓɓen haƙori ke jawowa: haƙorin mussa yakan zaizaye daga gindi, dasashi ya tsiro ya rufe ramin. Wannan in an cire haƙorin an gama. Akwai kumburin da ke kama baki gaba ɗaya har can ƙurya, ja wur, wanda sau da yawa sai an cire yawancin haƙora ake samun sauƙi. Akwai gyambon leɓen sama da magani ke kwantar da shi. Akwai gyambon da ciwon ƙoda ke kawowa, bakin na wari kamar fitsari, shi kuwa wuƙa ba ta da aiki a kansa. Sai kuma wanda kowa ke tsoro, ciwon daji. A tsofaffin mussoshi irin da ya fi yawa yakan fito ƙarƙashin harshe ko a dasashi, yana cin ƙashin muƙamuƙi, kuma yana da yaudara: da farko sai ya yi kama da haƙori mai girgiɗa. A cire haƙorin, ramin ya ƙi warkewa. Ko a Faransa da suke da kayan aiki, mussar da ya kama a gindin harshe yawanci watanni kaɗan take yi.

Na ce, "Likita, ai ta tsufa, allurar barci ba za ta tafi da ita ba?" Ya ce, "Hajiya, ba shekarun zan duba ba, ƙodar zan duba da zuciya." Wannan maganar ita ta canza mini tunani. Ciwon ƙoda ya zama ruwan dare ga tsofaffin mussoshi, alamarsa yawan shan ruwa da yawan fitsari da rama. Don haka kafin a tsayar da ranar aiki ka nemi a ɗebi jini a auna ƙoda da hanta da yawan jinin, a saurari zuciya, a ɗora ta a sikeli, tunda da nauyi ake auna maganin barci. Ƴar Tawa kilo 3 ta yi. Ƙodarta ta ɗan gaji amma ba ta kai ga hana aiki ba, sai ya ce zai yi mata ƙarin ruwa kafin aikin da lokacinsa.

In ba ka da kuɗin komai da komai, kuma wa ke da shi, ni a ganina gwajin jinin nan shi ne abin da ba za a tsallake ba. Gara a jinkirta aikin da mako ɗaya a haɗa kuɗinsa.

Sauran tambayoyin da na yi, ka yi su kai ma ba kunya. Wane irin maganin barci ne, allura ce kaɗai ko akwai na shaƙa? Na shaƙa ya fi sauƙin ragewa da ƙarawa ga tsohuwar dabba, amma ba kowane wuri ke da na'urar ba. Wa zai tsaya yana lura da numfashinta yayin da likita ke cikin baki? In wuta ta ɗauke fa? Akwai halin ɗaukar hoton ƙashin muƙamuƙi? Saiwar haƙorin mussa siririya ce, tana karyewa, guntun da ya saura kuma ciwo ne. Wane maganin zafi za a ba ta bayan aiki? Sannan wadda ta fi duka: in an yanke tsiron, za a sa guntunsa a ruwan magani a aika ɗakin bincike? Ka nace a kan wannan. Tunda an riga an sa ta barci, a yi komai a zama ɗaya, kada a jefar da naman a dawo ana hasashe. Ka kuma ce a rubuta maka kuɗin duka a takarda tun kafin ranar. Nawa ya cinye ribar ɗinkin ƙaramar sallah kusan kaf, mai gidana har yau yana tsokanata da shi.

Akwai yarjejeniyar da muka yi da likita wadda nake ba kowa shawarar ya yi. Na ce in ya buɗe bakin ya ga abin ya ci ƙashi ko ya kama gindin harshe, kada ya shiga babban yanka, ya ɗauki guntu kawai ya tashe ta mu yi shawara. Ana iya cire wani sashe na muƙamuƙin mussa, amma ba ta jure shi kamar kare, wasu ba sa komawa cin abinci da kansu. Abin da nake tambayar kaina shi ne, bayan aikin za ta ci abinci ba ciwo? In amsar e ce, a yi ko shekararta nawa. In aikin zai ƙara mata kwanaki ne kawai cikin wahala, ni ban ga amfaninsa ba.

Na ga ɗaya gefen a gidan wani dattijo a layinmu, mai gadi ne da ya yi ritaya. Tasa mussar harshe ne ya kumbura ya karkace, miyau da jini. Na raka shi wurin likita, aka ce abin ya yi nisa. Na ce, "Baba, sai haƙuri." Bai yarda a yanka ba, kuma ina ganin ya yi daidai. Likita ya ba shi maganin zafi na mussa, yana dama mata abinci ruwa-ruwa, yana goge mata haɓa da tsumma mai ɗumi. Ta yi kusan wata biyu. Da ta daina ko lasar ruwa sai ya je ya yi shawara da malaminsa da likitan a kan allurar da za ta hutar da ita. Wannan hukunci ne da kowa zai yanke da zuciyarsa da wanda ya yarda da iliminsa. Abin da bai kamata ba shi ne a kai ta bola ko bayan kasuwar Katako a yar. Duk mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda mussar da ta tsare ba ci ba sha.

Ranar aiki, ka bi abin da likita ya ce game da hana abinci, kada tausayi ya sa ka ba ta loma a ɓoye, don amai cikin barci na iya shiga huhu. Ƴar Tawa haƙora 4 aka cire mata har da wanda tsiron ya rufe. Na karɓo ta da la'asar tana layi kamar ta sha wani abu. Ka shimfiɗa mata a ƙasa, a ɗaki mai duhu, nesa da yara, ba kan gado ba don kada ta faɗo. Maganin barci yana sa jikinsu sanyi, saboda haka kada ka sa ta gaban fanka ko a ɗaki mai sanyin na'ura, amma kuma kada ka rufe ta a ɗakin kwano da rana. Ba abinci sai ta farka sarai tana tafiya daidai.

Abinci mai laushi na kwana 10 zuwa 14. Ni kaza nake dafawa ba gishiri ba maggi in daka a turmi da romonta, wani lokaci kifi in tsince ƙayar tas. Ban da albasa da tafarnuwa, suna lalata jinin mussa, wato romon miyarmu bai dace ba. Ka ɗan ɗumama abincin, ƙamshi ne ke jawo su. Ɗan jini-jini a miyau ranar farko ba komai ba ne. Amma in jinin bai tsaya ba, ko dasashi ya yi fari fat, ko ta kwana biyu ba ta ci komai ba, ka koma. Mussa ba ta jure dogon azumi, hantarta ke taɓuwa. Maganin da aka rubuta kuma ka ba da shi daidai yadda aka ce, kada ka ƙara don ka ga tana jin jiki.

Ni tsorona shi ne yadda za ta ci ba turame. Ashe mussa ba ta cika tauna ba, yanka take ta haɗiye. A kwana na uku na same ta ta tura kai cikin kwanon ɗiyata. Sakamakon naman ya ɗauki makonni kafin ya dawo, kuma ya nuna kumburi ne kawai, ba daji ba. Duk da haka likita ya ce in riƙa ɗaga leɓen ina dubawa, in wurin ya sake tsirowa ko ramin ya ƙi rufewa in kawo ta da sauri. Duk Juma'a bayan na rufe shago nake yi, ɗiyata ta riƙe zane ni in riƙe fitila. Bayan wata 6 kuma za mu koma a sake auna ƙodar, na riga na fara ajiye kuɗin a gwangwanin maɓallai.