Yadda ake daidaita ginin coci da irin sujadar da ake yi a cikinsa

Idan ana gardama kan tsohon salon ginin coci da na zamani, yawanci abin da ido ke gani ake magana a kai: hasumiya da tagogi masu gilashin launi, ko faffaɗan zaure mai dandamali da majigi. Amma babban bambancin kunne ne ke jin sa, kuma shi ya kamata kwamitin gini ya fara dubawa tun kafin a haƙa tushe.

Majami'un salon Gothic da aka fara ginawa a Faransa a ƙarni na 12 dogaye ne, bangonsu dutse, rufinsu can sama. Sauti yakan yi sakan 6 ko fiye yana yawo kafin ya mutu. Waƙoƙin sujada na wancan zamani a hankali ake jan su, don haka amsa-kuwwar ƙara musu armashi take yi. Ka shigo da ganguna da jitar lantarki cikin irin wannan gini, kowane bugu sai ya tarar da na baya bai gama fita ba, na kujerar ƙarshe ya ji hayaniya kawai. Zauren zamani mai kafet da silin mai shanye sauti kuwa, wa'azi yana fita tar, amma jama'a in sun ɗaga murya kowa kansa kaɗai yake ji, sai a riƙa yin ƙasa-ƙasa har a bar wa mawaƙan gaba waƙar.

Da farko a yanke shawarar abin da ya fi yawa a sujadarku. Wa'azi da kiɗan lasifika suna son amsa-kuwwa ta sakan 1 zuwa 1.3. Ƙungiyar mawaƙa da ogan, wato babban abin kiɗan coci mai bututu, suna son sakan 2 zuwa 3. Ikilisiyar da ke haɗa duka biyun ta nemi wajen sakan 1.5.

Idan ginin ya riga ya tsaya, sai a auna. A rufe ƙofofi da tagogi, a fasa balan-balan a wurin mumbari, a ɗauki sautin da manhajar waya mai auna RT60, wato lokacin da ƙara ke ɗauka kafin ta ragu da desibel 60 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne). A maimaita a wurare uku ko huɗu.

Lissafin tsawon amsa-kuwwa na Wallace Sabine ne, masanin kimiyya na jami'ar Harvard: a ninka girman cikin ɗakin da 0.161, a raba da yawan abin da ke shanye sauti, sai a sami sakan nawa amsa-kuwwar ke ɗauka. Ɗauki zaure mai tsawon mita 20, faɗi 12, tsayi 7. Girmansa kubik mita 1,680 ne, a ninka da 0.161 ya ba da 270. In an auna shi babu kowa aka sami sakan 2.7, a raba 270 da shi, abin da ke shanye sauti murabba'in mita 100 ke nan. Mutum a zaune yana ƙara kusan 0.4, mutum 150 sun kawo 60, amsa-kuwwa ta sauko 1.7. Ana son 1.2? Ana bukatar murabba'in mita 225, akwai 160, saura 65. Allunan audugar dutse (rock wool, wani zare mai shanye sauti) masu kaurin santimita 5, a lulluɓe da yadin da iska ke ratsawa, kimanin murabba'in mita 70 sun isa.

Inda za a kafa su ya fi yawansu muhimmanci, kuma a nan aka fi yin ɓarna. A fara da bangon baya, wanda ke fuskantar mumbari. Sautin da ya dawo bayan milisakan 50 (milisakan 1,000 ne sakan ɗaya), wato ya yi ƙarin tafiyar mita 17, kunne yana jin sa a matsayin magana ta biyu, mai wa'azi ya dinga karo da muryarsa. Idan bangon bayan mai lanƙwasa ne, kamar yadda ake yi a zauren da kujeru suka yi rabin da'ira, abin ya fi muni, domin yana tattara sautin ya mayar wuri guda. Bangon da ke bayan masu ganguna shi ne na biyu. Silin da ke saman jama'a da daɓen da ke ƙarƙashin kujerunsu kuwa a bar su da tauri, su ne ke mayar wa mutane muryoyin 'yan'uwansu. Kafet a tsaya da shi a hanyoyin wucewa. Kwalin ƙwai da siririn soso kada a ɓata lokaci a kansu: ƙaramin sauti mai kaifi suke ɗan ragewa, su bar rugugin ganga yadda yake, ga haɗarin gobara.

A dogon gini irin na da, ƙara wa lasifikar gaba ƙarfi ba ya kai magana baya, amsa-kuwwar yake ciyarwa. A sa ƙananan lasifikoki a tsakiya, a karkata su ƙasa wajen kawunan jama'a, a jinkirta su da kusan milisakan 3 kan kowace mita. Wadda ke mita 15 daga ta gaba tana bukatar 44, a ƙara mata kamar 10 don kunne ya ci gaba da jin maganar daga mumbari take fitowa.

Cocin da ke sujadar gargajiya da safe, ta zamani da yamma, ya rataya labule mai nauyi a kan sandar da ake jan sa a kai, tazarar santimita 10 zuwa 15 daga bango, faɗin yadin ya ninka na bangon sau biyu don ya yi tattara. A ja shi a rufe lokacin ganguna, a naɗe shi gefe lokacin mawaƙa.