Yadda Za Ka Yi Wa Bangon Gidanka Fenti Ta Waje Da Kanka

Yawancin fentin da ke ɓarewa kafin ya shekara biyu, matsalar daga bangon take. An shafa shi ne a kan ƙura, ko danshi, ko tsohon fentin da ya riga ya saki. Saboda haka gyaran bango shi zai cinye maka fiye da rabin lokacin aikin, kuma ya cancanci hakan.

Fara da zaɓen lokaci. A Arewa, mafi dacewa shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, kafin hunturu ya kankama. Da damina bango na riƙe da ruwa, in kuma hazo ya sauka ƙura za ta manne a ɗanyen fenti. In sabon filasta ne, a bar shi aƙalla kwana 28. Ɗanyen siminti na cin launi, ya kuma fitar da wani farin gishiri da ke tura fentin waje.

Goga tafin hannunka a bangon. In ya fito fari fat kamar ka taɓa alli, tsohon fentin ya mutu, sai an kankare shi da burushin waya an wanke. Duk inda ya kumbura, bi shi da ƙarfen kankara har ka kai inda ya kama gam. Bangon da aka taɓa yi wa farar ƙasa kuwa sai an kankare ta gaba ɗaya, domin fenti ba ya zama a kanta. Gansakuka da baƙin da ruwa ke bari a wanke su da bilic, kashi ɗaya cikin ruwa kashi huɗu, a ɗauraye, a ba bangon kwana biyu ya sha iska.

Tsagewa tana son haƙuri. Kada ka shafe bakinta kawai, za ta sake buɗewa. Ƙara faɗaɗa ta kaɗan, share garin, yayyafa ruwa, sannan ka cusa kwaɓin siminti ɗaya da yashi mai laushi uku. In tsagar ta kai yatsa ya shiga, ko tana ƙaruwa duk shekara, wannan aikin magini ne. Duba gindin bango ma da kyau. In kullum nan ne ke kumbura, nemi inda ruwan ke fitowa: indararo mai zuba a jikin bango, bututun banɗaki da ke yoyo, ko kwata da ta toshe. Muddin ba a tsayar da ruwan ba, ko fenti mafi tsada aka sa zai ɓare.

Ga lissafi. Gida mai tsawon mita 12, faɗin mita 10, tsayin bango mita 3, zagayensa mita 44 ne, wato murabba'in mita 132. Cire kamar 20 na ƙofofi da tagogi, saura 112. Shafi biyu ya zama 224. In lita ɗaya tana rufe murabba'in mita 8, kana buƙatar lita 28, wato babban bokiti mai lita 20 da galan biyu masu lita 4. Bango mai kaushi ya fi haka sha, teskot, wato fenti mai kauri da kaushi, kuma ya ninka haka. Ka gaya wa mai shago fentin waje kake so, domin na ɗaki ba ya jure rana. In bokitin ya wuce ɗaya, haɗe su wuri guda ka gauraya, don launin yakan ɗan saɓa.

A kan sabon filasta da wuraren da ka yi faci, fara da shafin share fage mai ɗan ruwa-ruwa. Sauran shafi biyun kada ka zuba ruwa fiye da abin da aka rubuta a jikin bokitin. Masu tsinka fenti don ya yi auki su ne bangonsu ke koɗewa tun damina ta farko.

Ka riƙa bin inuwa: bangon yamma da safe, na gabas da la'asar. Bango mai zafi na busar da fenti tun bai kama ba. Fara daga sama zuwa ƙasa, ka bi kusurwa da gefen taga da burushi mai inci 2 ko 3, sannan ka cike tsakiya da rola mai dogon hannu. Kada ka tsaya a tsakiyar bango, mahaɗin zai fito. Kai kusurwa tukuna. Bar aƙalla awa huɗu tsakanin shafi da shafi.

Tsani kuma ba abin wasa ba ne. Duk tsayin mita 4, ja gindinsa mita 1 daga bango, wani ya riƙe maka, ka kuma lura da wayar wuta da ke shigowa ta saman gida, musamman in tsanin na ƙarfe ne.

Ƙofar ƙarfe da ƙarafunan taga fentin mai suke so. Goge tsatsar, sa jan fentin hana tsatsa, ka bar shi ya kwana kafin ka ɗora launi. Burushin fentin mai da tina (ruwan tsinka fentin mai) ko kananzir ake wanke shi, na fentin ruwa kuma da ruwa da sabulu, nan take kafin ya sandare.