Yadda za ka daidaita babbar waya da hannunka

Lokacin da kamfanin Samsung ya fito da Galaxy Note a shekarar 2011, mai fuska inci 5.3, mutane da yawa sun ce ta yi girma a kira ta waya, ta kuma yi ƙanƙanta a kira ta kwamfutar hannu. Yau duk wanda ya ratsa layin masu sayar da waya na Tip Toe da ke Circle a Accra zai tarar yawancin Tecno da Infinix da ke kan tebur sun kai inci 6.5 ko sun wuce.

Kafin ka biya kuɗi, ka sani cewa wannan awon daga kusurwa zuwa kusurwa ake yin sa, alhali faɗin wayar ne ke wahalar da hannu. Saboda haka ka riƙe ta da hannu ɗaya, ka ga ko babban yatsanka zai kai ɗaya gefen. Ka kuma danna *#06# domin ka gwada lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar da za ta fito a fuska, da wadda ke jikin kwali.

Idan ka isa gida, abin da ya kamata ka fara nema a saitin wayar shi ne tsarin aiki da hannu ɗaya, wanda Android ya zo da shi tun daga na 12, wasu kamfanoni ma sun riga shi. Da zarar ka kunna shi, jan yatsa ƙasa a gindin fuskar zai sauko maka da abin da ke sama. A madannin Gboard kuwa, idan ka danne waƙafi na ɗan lokaci za ka sami damar matso da haruffa gefe guda. Wannan yana da amfani a cikin trotro, wato ƙaramar motar haya ta fasinja, ko da yake ni ban ga hikimar fito da irin wannan waya a bakin taga ba idan motoci sun cunkushe.

Babban amfanin girman shi ne raba fuska gida biyu. 'Yar kasuwar Nima za ta iya buɗe saƙon WhatsApp a sama da manhajar MoMo ta tura kuɗi a ƙasa, tana kallon lambar mai kaya yayin da take shigar da ita, maimakon ta haddace ta yi kuskuren lamba ɗaya. Ɗalibi ma zai iya ajiye ayar Alƙur'ani a sama, tafsirinta a ƙasa, kuma wasullan Larabci suna fitowa sarai.

Fuskar ce ta fi cin batir, don haka ka rage haskenta, musamman ranar da aka ɗauke wuta. Baƙin launi yana rage cin caji a fuska irin ta AMOLED ne kawai, wato wadda kowane ɗigonta ke ba da nasa hasken. Ka sa mata gilashin kariya da riga mai kauri a kusurwoyi, kuma ka ajiye ta a aljihun gefe na riga ko a jaka, domin aljihun baya na wando shi ne ke lanƙwasa ta idan an zauna.